Takarda ta Biyar

Duk shekara goma suke aiko ta,
farar ambulan mai tambarin jami'a.
Ta faɗo ta ramin ƙofata a Sheffield
tare da takardar kuɗin wuta.
Wannan ce ta biyar.

Tambaya sittin, amsa hawa biyar,
daga "sam ba haka nake ba"
zuwa "ni ne ɗungurungum".
Kana da saurin fushi?
Kana son taron jama'a?
Kana gama abin da ka fara?

Ta farkon a ɗakin hutun direbobi na cike ta,
shayi na hucewa, bas mai lamba hamsin da biyu na jirana,
ina da shekara ashirin da tara.
A gurbin fushi na zagaye biyu.
Ashe masu binciken ba su yarda da bakin mutum kaɗai ba,
sun haɗo da wata shuɗiya
don wanda ya san ka ciki da bai.
Iyatu ta karɓa, ta juya mini baya,
ta zagaye biyar har biro ya huda takarda.
Kwana biyu ban taɓa tuwonta ba.
Ran na uku ta ajiye kwano ta ce,
"To, ga shaida."

Bana wata yarinya ta zo da kanta,
Dakta Morag, rigar ruwanta na ɗiga a bakin ƙofa.
Ta buɗe kwamfuta, ta nuna mini ɗigo-ɗigo,
mutum dubu biyu, kowa ya koma ƙwayar gero.
Na ce mata, mu a wurinmu an gama magana tuntuni:
hali zanen dutse.
Ta ce, "Dutsen naku yakan ɗan gusa.
Yawancin mutane na sanyi da shekaru,
gardama na raguwa, cika alkawari na ƙaruwa.
Amma ai kai direba ne, ka san layi a tasha:
layin gaba ɗaya yana matsawa,
na baya dai sau da yawa yana baya."
Sai ta kira wata lamba,
sifili da ɗigo shida.
Ba ta kai ɗaya ba,
ta kuma fi ƙarfin a ce babu.

Na yi shiru ina neman ragowar huɗun.

Ko a ciki ne daren da Hansatu
ta dawo mini da mota a lotse,
na buɗe baki zan yi aradu,
sai na ji muryata na tambaya ko ta ji ciwo?
Ko a ciki ne wata bakwai na asibiti,
inda na koyi dama kunu babu gudaji,
na koyi ɗaura wa mace ɗankwali,
na koyi zama a kujerar roba
ina jiran likita ba tare da na duba agogo ba?
Wane awo ne ya auna wannan?
Mudu ne, ko sikeli?

Morag ta ce ba a auna dare ɗaya,
abin da ya yawaita ake tarawa.
Ta sha shayinta, ta yaba da citta,
ta bar mini takardu biyu a kan tebur.
Shuɗiyar, in ji ta, in ba 'yata,
ko in bar ta haka nan, babu laifi.

Na bar ta haka nan.
Tana cikin aljihun tebur tare da tabarau
da carbin nan mai tsinkakken zare.

Tawa kuwa na ɗauka bayan isha,
ruwa na bugun taga kamar mai bin bashi.
Taron jama'a: biyu, kamar kullum.
Gama abin da na fara: huɗu,
ko da yake katangar lambu na nan a karkace tun bara.
Na iso tambaya ta sha bakwai.
Saurin fushi.
Na zagaye biyu.

Kicin babu kowa, fitilarsa a kashe,
amma na rantse na ji an yi tsaki.

Na goge.
Na zagaye huɗu.
Iyatu, ki bar mini ɗayan nan,
da gumina na same shi.